Yadda ake haɗa ayari daga Kaduna zuwa tuƙin jirgin roba a ruwa mai ƙarfi

Wasan shi ne mutum shida zuwa takwas su shiga jirgin roba da aka hura wa iska, kowa riƙe da filafili, jagora a baya yana ba da umarni, su bi kogi ta wuraren da ruwa ke gangarowa da ƙarfi yana karo da duwatsu har ya yi fari fat da kumfa. Idan kun gan shi a waya ku da abokanku kun ce ku ma sai kun je, to bismillah, abu ne mai yiwuwa. Sai dai bidiyon waya ihu da dariya kawai yake nunawa. Ba ya nuna cewa idan ka faɗa ruwa, hannun da zai fara kai maka agaji yawanci na wanda ke zaune kusa da kai ne, wato mutumin da kuka taso tare daga Kawo ko Barnawa. Shi ya sa rabin shirin wannan tafiya a kan mutane yake, kuma a gida ake gama shi tun ba a sayi tikiti ba.

Da farko ku san ruwan da za ku shiga

Masu wannan harka sun kasa ƙarfin gangarar kogi aji shida. Aji na 1 ruwa ne mai ɗan motsi. Na 2 yana da ƙananan igiyoyin ruwa, hanya kuma a fili take. Na 3 igiyar ruwa tana shigowa cikin jirgi, sai an yi tuƙi na gaske ake kauce wa duwatsu. Na 4 da na 5 su ne manya: ruwa mai nauyi, da ramukan da ruwa ke juyawa a cikinsu, kifewar jirgi a nan ba baƙon abu ba ne. Na 6 ba a shiga da baƙi ko kaɗan. Idan an iso shi fitowa ake yi a zaga ta tudu.

A Afirka wurare uku ne suka fi suna. Akwai Kogin Nilu a Jinja ta ƙasar Yuganda, inda kogin ke fitowa daga Tafkin Biktoriya, kimanin kilomita 80 gabas da Kampala. Akwai Zambezi a ƙasan mafaɗar ruwa ta Biktoriya, cikin kwazazzabon Batoka tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, inda aka fara bi da jirgin roba a 1981. Sai Kogin Tana a Sagana, arewa da Nairobi a Kenya.

Ga ayarin da bai taɓa yi ba, ni Jinja zan ce. Da yake ruwan daga tafki yake fitowa, ana shiga duk shekara, ba shi da sanyi, kuma yana da zurfi. Tsakanin gangara da gangara akwai doguwar shimfiɗar ruwa a kwance inda mutum zai dawo hayyacinsa, a tsinci waɗanda suka faɗa, a yi dariya. Kamfanonin can suna ba da zaɓi tsakanin bi ta tsakiyar ƙarfin ruwa da bi ta gefe mai sauƙi, akwai kuma babban jirgin tsaro da wanda ya ji ba zai iya ba zai koma cikinsa. Ku lura dai cewa madatsar Bujagali da aka gama a 2012 da ta Isimba ta 2019 sun shanye wasu shahararrun gangarori, don haka tsohon bidiyo zai iya nuna muku wurin da yanzu ya zama tafki. Gangarar Itanda tana nan, aji na 6 ce, zagaye kanta ake yi da ƙafa.

Zambezi ta fi tsanani. An fi buɗe yawancin gangarorinta daga Agusta zuwa Disamba lokacin da ruwa ya ja baya, idan kuma ya cika maƙil wajen Afrilu da Mayu akan dakatar da shiga. Bayan an gama tuƙi, ga hawan kwazazzabo da ƙafa cikin zafi, jiki duk ya mutu. Ku bar ta sai zuwa na biyu.

Kada kuma wani ya kawo shawarar a fara gwaji a Kogin Kaduna da tiyub ɗin mota idan ya kawo ruwa a Agusta. Ruwan ambaliya ja ne, ba a ganin abin da ke ƙarƙashinsa, yana tafe da itatuwa da ƙarafa da tsofaffin komar masunta, ga ƙafafun gada, babu kuma mai ceto a bayanka. Mun san abin da ruwa ya yi mana a Bagwai a Nuwamba 2021, da Patigi a Yuni 2023 inda fiye da mutum 100 suka rasu suna dawowa daga biki. Abin da ya raba wannan wasa da ganganci shi ne rigar ceto da hular kwano da horarrun masu ceto da ke biye da jirgi.

Sai zaɓen abokan tafiya

Ku nemi adadin da zai cika jirgi ɗaya, shida zuwa takwas, ko jirgi biyu idan kun kai 12 zuwa 14. Idan ba ku kai ba za a haɗa ku da wasu baƙi, ba laifi ba ne, amma jirgin da kowa ke jin harshen kowa ya fi saurin daidaita tuƙi.

Mutumin da kuke shan shayi tare kullum ba lallai ne ya zama abokin tafiya ba. Hanyar da na fi yarda da ita ita ce ku gwada juna da ƙaramar tafiya ta yini ɗaya. Ku sa rana ku je Zariya ku hau Dutsen Kufena, ku ce ƙarfe shida na safe za a tashi. Daga nan sai ka buɗe ido. Wa ya zo a kan lokaci, wa aka yi ta kira yana cewa ga shi nan a hanya? Da hawa ya yi tsanani, wa ya tsaya ya jira na baya, wa ya wuce abinsa? Wa ya miƙa gorar ruwansa ga wanda nasa ya ƙare? Wa ya saɓa wa ɗan gari mai nuna hanya don yana son ɗaukar hoto a bakin dutse? Duk halin da ka gani a Kufena shi za ka gani a Nilu, sai dai a can ba lokacin lallashi.

Mutum uku ne nake jin tsoronsu a jirgi. Na farko gwanin iyo, wanda ya tashi a bakin kogi yana ganin babu abin da za a koya masa. Shi ne zai sassauta rigar cetonsa, shi ne zai yi hira lokacin da ake bayanin tsaro, ga shi kuwa Hausawa sun ce ruwa kan ci gwani. Iyon da ya sani na ruwa mai hankali ne. Na biyu wanda aka jawo ba da son ransa ba: matar da maigidanta ya matsa mata, ko ƙanen da ya ji nauyin ce wa yayansa a'a. Irin wannan idan ruwa ya taso sakin filafili yake yi ya sandare, gefensa na jirgi ya zama babu mai tuƙi, jirgi ya shiga gangara a karkace. Na uku mai wasan da bai san iyaka ba, mai ture mutum cikin ruwa don a yi dariya, mai yi wa matsoraci ba'a har ya kasa faɗin damuwarsa.

Wanda kuwa ya fito fili ya ce, "Ni fa tsoro nake ji, amma ina so in je," ku riƙe shi hannu bibbiyu. Shi ne zai saurari kowace kalma ta jagora, ya kuma aikata ta yadda aka faɗa.

Ayarin Kaduna sau da yawa gauraye yake, Musulmi da Kirista, Bahaushe da Bajju da Atyap da Gbagyi da Bayarabe. Wannan alheri ne, amma a tsara shi. Kada ranar ruwa ta faɗa Juma'a ko Lahadi. A duba kalanda kada tafiyar ta shiga azumi, domin tuƙin yini guda a rana ba aikin mai ƙishirwa ba ne. Kuma al'adar kamfanonin nan ce su kawo giya da gasasshen nama idan an fito daga ruwa, to a sanar da su tun wuri yawan waɗanda lemo za su sha da masu buƙatar naman halal, a kuma yi wa juna alƙawarin babu mai shan komai mai sa maye kafin a shiga jirgi.

Shugaban tafiya da ma'aji

Hadisi ya zo cewa idan mutum uku suka fita tafiya su shugabantar da ɗayansu. Ku zaɓi mai haƙuri wanda maganarsa ke shiga kunnen kowa, ko da ba shi ne babba ba, ko da ba shi ne ya fi kuɗi ba. Ma'aji kuma ya zama wani daban, kada a tara wa mutum ɗaya magana da aljihu.

Kuɗi ne ya fi ɓata ayari, don haka a rubuta komai a zauren WhatsApp na tafiyar. A raba abin da za a biya tare, irin su masauki da mota da kuɗin shiga ruwa da tukuicin jagora, da abin da kowa zai ji da kansa, irin su tikiti da biza da tsaraba. Kuɗin shiga ruwa na yini guda a Jinja ya haura dala 100 ga mutum ɗaya, ku tambayi farashin ranar daga kamfani. Zubi irin na adashe wata-wata yana sauƙaƙa wa mai albashi, amma da yake naira ba ta zama wuri ɗaya, ma'aji ya riƙa canza abin da aka tara zuwa dala kaɗan-kaɗan, ya turo shaidar kowane canji a zaure. Ya karɓi sababbin takardun dala masu tsabta, domin tsofaffi da yagaggu ba sa karɓuwa da daɗi a can. Ku ɗora kashi ɗaya cikin goma na ko-ta-kwana.

Tambaya ɗaya da ake gudu, ita ce kuma take raba zumunci: idan mutum ya fasa, me za a mayar masa? Ku amsa ta yau, lokacin da kowa ke fara'a. Abin da ya fi adalci shi ne a mayar masa duk abin da ba a riga an biya wa wani ba, wanda aka biya kuwa sai in an samu mai maye gurbinsa.

Ikon shugaba yana ƙarewa a bakin ruwa. Da an shiga jirgi, murya ɗaya ce, ta jagora, ko da yaro ne sa'an ɗanka. Alhajin da ya cika wa mutum biyu kuɗin tikiti ma ya san da wannan tun a gida.

Zaman da za a ajiye kunya

Wata biyu kafin tafiya, shugaba ya ware kowa shi kaɗai ya tambaye shi. A cikin taro babu mai faɗin gaskiya. "Yaya, don Allah kada ka ji wani iri, kowa nake tambaya: ka iya ruwa?" Idan amsar ita ce "E to, ina ɗan taɓawa," a ɗauka bai iya ba. Rashin iya iyo ba ya hana shiga, rigar ceto ce ke ɗaga mutum, amma dole jagora ya sani don ya zaunar da shi kusa da shi, masu ceto kuma su fara nufarsa idan jirgi ya kife.

Sai maganar lafiya. Mai juna biyu ba ta shiga. Mai ciwon zuciya, ko farfaɗiya, ko hawan jinin da bai daidaita ba, ko wanda kafaɗarsa ta taɓa gocewa, ya ga likita ya bi abin da ya ce. Mai asma ya ba jagora abin shaƙarsa ya ajiye a jakar da ruwa ba ya shiga. Mai sikila ya yi tunani sosai, domin jiƙewa da gajiya da ƙarancin ruwa a jiki suna daga cikin abubuwan da ke tayar da ciwon. Wanda ba zai shiga ba bai yi asarar tafiya ba. Jinja tana da yawon kwale-kwale zuwa mafarin Nilu, da yamma kuma a haɗu a ci abinci tare.

Akwai wata magana da ta shafe mu musamman. Fitar da mutum daga ruwa sai an cakumi rigarsa an jawo shi ya faɗo a jikin mai jawowa. Idan akwai mata a ayari, a tsara zama yadda kowace za ta kasance kusa da mijinta ko ɗan'uwanta ko 'yar'uwarta mace mai ƙarfi, idan kuma sun kai shida su nemi jirginsu. Kada a haɗa suruki da suruka a jirgi ɗaya. Bayan duk wannan tsari, a faɗa da baki a gaban kowa: idan rai ya shiga haɗari, duk wanda ya fi kusa shi zai kama, ba jiran muharrami, ba jin nauyin babba. "Anti, kin yarda?" "Baba, ka amince?" Kowa ya amsa. Daƙiƙa biyar ta jinkirin kunya tana iya sa ruwa ya yi nisa da mutum.

Daga nan sai horo. Ku sami wurin ninƙaya na wani otal a cikin gari mai ma'aikacin ceto, ku je sau da yawa. Ba gwaninta ake nema ba, sabo ake nema: ka iya nutsar da fuskarka ba tare da firgita ba, ka riƙe numfashi daƙiƙa 10 zuwa 15, ka kwanta rigingine a kan ruwa ka saki jiki. Ka haɗa da tafiyar ƙafa mai sauri da hawan bene.

Takardu da hanya

Fasfo ya kasance yana da sauran aƙalla wata shida. Yuganda tana neman katin allurar rigakafin cutar shawara, allurar kuwa sai ta kwana 10 kafin katin ya fara aiki, kuma sau ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Bizar Yuganda ta intanet ake nema, a shafin hukumar shige da fice ta ƙasar. Wanda ke son haɗawa da Kenya da Ruwanda akwai biza guda ta yawon buɗe ido ta ƙasashen uku. Kada a ba ɗan kamasho fasfon ayari gaba ɗaya.

Daga Rigasa jirgin ƙasa zai kai ku Idu, amma ku tafi ana gobe tashi ku kwana a Abuja. Ethiopian Airlines tana tashi daga Abuja da Kano ta biya Addis Ababa zuwa Entebbe, filin jirgin saman Yuganda da ke kusa da Kampala. Agogon Yuganda yana gaban namu da awa biyu. Hanyar Kampala zuwa Jinja tana da cunkoso, don haka ku isa Jinja ku kwana ku huta, kada ku sauka daga jirgin sama ku faɗa ruwa washegari da asuba.

Wajen zaɓen kamfani kada arha ta ja ku. Ku rubuta musu ku tambaya: jagororinku suna da takardar horo, irin wadda ƙungiyar wannan wasa ta duniya, IRF, ke bayarwa? Masu ceto nawa ne ke biye da mu a ƙananan kwale-kwalen kayak? Akwai jirgin tsaro? Mene ne mafi ƙarancin shekarun shiga? Idan wani ya ji rauni, ina ake kai shi? Kamfanin kirki yana amsa waɗannan ba tare da kwana-kwana ba. Inshorar tafiya ma a tambaya a rubuce ko ta ƙunshi aji na 5, domin da yawansu suna cire irin wannan wasa. Za a ba ku takardar amincewa da haɗari ku sa hannu. Mai jin Turanci sosai ya karanta wa sauran, ya fassara musu.

Suturar shiga ruwa

Auduga tana shan ruwa ta yi nauyi, don haka a bar shadda da atamfa da wandon jins a masauki. Kayan 'yan ƙwallo masu saurin bushewa su ne daidai, kuma gwanjon Kasuwar Barci ya ishe ku: riga mai dogon hannu, da dogon wando mai kama jiki, a ɗora wani mai faɗi zuwa gwiwa a sama. Mata su nemi ƙaramin hijabin wasanni mai kama kai wanda hular kwano za ta zauna a kansa, a cusa bakinsa cikin riga, ba fil ba allura. Dogon hijabi da mayafi da abaya haɗari ne na gaske a ruwa mai gudu, suna rufe fuska, suna naɗe ƙafa, suna maƙalewa. Takalmi ya zama mai maɗauri a dunduniya ko kambas, silifas gangarar farko za ta tafi da shi. A ɗaure tabarau da zare, a cire zobe da agogo da sarƙa, waya ta zauna a tudu. Jinja tana dab da layin ikwaita da ya raba duniya biyu, rana tana ƙona gwiwa da wuya ko da fatarka baƙa ce, a shafa man kare rana. Kowa ya ƙulla busassun kaya da sallaya a jaka ɗaya. Azahar da La'asar kan riske ku a ruwa, ku tambayi malaminku hukuncin kasaru da haɗa salla tun kuna Kaduna.

Ranar shiga

Ku karya da abu mara nauyi. Idan aka ba ka rigar ceto, ka ɗaure kowane maɗauri, ka fara daga na ƙasa, har ka ji ta matse ka numfashi na fita da ɗan ƙyar. Sai abokinka ya kama kafaɗunta biyu ya ja sama da ƙarfi. Idan ta taso ta taɓa kunnenka ba ta ɗauru ba, a sake. Kai ma ka yi masa haka. Ku zama biyu-biyu tun daga nan, kowa ya san wanda zai fara nema da ido idan an kife.

A kan babban bututun gefen jirgi ake zama, a cusa ƙafa ƙarƙashin bututun da ya gitta tsakiya. Masu ƙarfi biyu da ba sa tsoron ruwa a fuska su zauna gaba, su ne ke sa ƙa'idar tuƙi, na baya su bi filafilin na gabansu. Hannu ɗaya ya rufe kan filafili, kada ka sake shi ko da dariya kake yi. Fashewar leɓe da karyewar haƙori a wannan wasa sau da yawa daga kan filafilin abokin zama suke zuwa.

Da Turanci jagora zai yi umarni, kalmomin kuwa kaɗan ne. "Fowad", a tuƙa gaba. "Bak", a tuƙa baya. "Sitof", a ɗaga filafili. "Get dawun", a zube a durƙushe cikin jirgi a kama igiyar gefe, kan filafili yana rufe. "Oba lef" ko "oba rait", kowa ya yi tsalle zuwa wannan gefen don kada jirgi ya kife. Ku haddace su tun a gida, ku riƙa gwadawa a tsakar gida da tabarya ko sanda har jiki ya riga tunani. A ruwa kwance na farko jagora zai sa ku gwada, wataƙila ma ya kifar da jirgin da gangan don ku ɗanɗana. Kada kowa ya noƙe wa wannan gwaji.

Idan an shiga gangara, tuƙi ne ke riƙe ka a jirgi. Filafilin da ke cikin ruwa yana aiki shi ne madogararka. Wanda ya tsorata ya daina tuƙi ya miƙe zaune, shi ne ruwa ke fara ɗauka.

Idan ka faɗa

Za ka nutse na 'yan daƙiƙu, duhu da ƙara ta ko'ina, ba ka san sama ba ka san ƙasa ba. Kada ka yi kokawa da ruwan, rigar za ta taso da kai. Ka ɗaga hannu ɗaya sama da kanka. Idan ka taɓa roba, kana ƙarƙashin jirgi ne, sai ka bi ta da tafin hannu zuwa ɓangare ɗaya kawai, kada ka canza, har ka fito.

Da ka fito ka ja numfashi, ka duba. Idan jirgi na kusa, kama igiyar gefensa, ka guji shiga tsakaninsa da dutse. Idan ya yi nisa, kwanta rigingine, ƙafafu suna gaba ta inda ruwa ya nufa, yatsun ƙafa a saman ruwa. Ka shaƙi iska a kwarin da ke tsakanin igiyar ruwa da mai bi mata, ka rufe baki idan ta taso. Babbar doka ita ce kada ka yi ƙoƙarin tsayawa da ƙafa a ruwa mai gudu ko da iya cinya ne. Ƙafa tana shigewa tsakanin duwatsu, ruwa ya danne mutum ta baya ya kifa fuskarsa. Idan rami mai juyawa ya riƙe ka, dunƙule jikinka, gwiwa a ƙirji, ruwan ƙasa zai fitar da kai. Idan ka hangi itace kwance a ruwa, yi iyo da duk ƙarfinka ka nisance shi.

Masu ceto suna nuna inda za ka nufa ne da hannu, ba sa nuna inda haɗari yake. Idan mai kayak ya iso, ka kama inda ya ce ka kama, kada ka rungume shi ka kifar da shi. Idan an jefo igiya, igiyar za ka kama, ba jakar da ke ƙarshenta ba, ka ɗora ta a kafaɗa kana rigingine, kada ka naɗa ta a hannu ko a wuya. Dafa tsakiyar kai da hannu alama ce ta "lafiya nake". Idan an yi maka, ka mayar.

Kai kuma da ke cikin jirgi, ga yadda ake jawo mutum. Ajiye filafilinka, ka tokare ƙafafunka. Ya juyo yana fuskantarka. Kada ka kama hannunsa, santsi zai ƙwace shi, kafaɗa ma tana iya gocewa. Cakumi maɗauran kafaɗar rigarsa biyu, ka ɗan danna shi ƙasa rigar ta turo shi sama, sai ka faɗi da baya da nauyin jikinka gaba ɗaya, ya biyo ka kamar buhun masara. Mace mara jiki tana iya jawo ƙato ta wannan hanya. Mutum ɗaya ko biyu ne ke ceto, sauran su ci gaba da bin umarnin jagora, domin idan kowa ya ruga gefe ɗaya jirgin ne zai kife. Wanda aka jawo a bar shi ya yi tari ya huce, a tambaye shi a hankali ko zai ci gaba ko zai koma jirgin tsaro, duk abin da ya zaɓa kuma kada a mayar da shi abin tsokana a hanyar dawowa.

Bayan an fito

Ma'aji ya haɗa tukuicin jagora da masu ceto a ambulan ɗaya ya miƙa da sunan ayari. Kamfani zai ba ku hotuna da bidiyo. Kafin kowa ya ɗora a Facebook ko TikTok, a nemi izinin duk wanda ya fito a ciki, musamman mata da ke cikin jiƙaƙƙun kaya. Wadda ta ce a cire ta, a cire ta ba gardama. A cikin mako guda da dawowa ma'aji ya turo lissafi dalla-dalla, a raba ragowar kuɗin ko-ta-kwana.

Sai maganar tsargiya. Tafkin Biktoriya da Nilu suna da ƙwayar cutar, tana shiga ta fata a ruwan da ke kwance inda dodon koɗi ke zama, kuma mutum na iya ɗauke da ita watanni bai ji komai ba. Shugaba ya sa rana a zauren WhatsApp, mako shida zuwa takwas bayan shiga ruwan, kowa ya je asibiti ya faɗa wa likita inda ya yi wanka a yi masa gwaji. Maganinta praziquantel ne, likita ke auna shi gwargwadon nauyin jiki. Wanda kuwa ya ga zazzaɓi ko ƙuraje ko jini a fitsari ko bayan gida kafin ranar, kada ya jira sauran ayari.